Inda Makelesi Ta Tura Baƙuwa

Shekara talatin da ɗaya Makelesi ta yi a teburin karɓar baƙi na masaukin Mista Desmond a Levuka, wani tsohon gari a bakin teku. Ni kuma, Unaisi, na yi ashirin da shida ina girki a kicin ɗin da ke bayan kujerarta, babu abin da ya raba mu sai 'yar tagar miƙa abinci. Taubashiyata ce, mahaifinta wan mahaifiyata ne, shi ya sa tun muna yara ba ma kiran juna da suna sai "tavale", kuma babu mai raga wa wata.

Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, gashinta a taje ya yi tsaye irin na iyayenmu, kullum da fure a bayan kunne. Mijinta Waisale ya yi aiki a masana'antar kifin gwangwani har ciwon zuciya ya ɗauke shi. Ɗansu ɗaya tak, yana can Ostireliya yana tsinkar lemo a gonakin mutane, sai ran Lahadi yake kira.

Masaukin tsohon gidan katako ne tun zamanin Turawa, ɗaki tara, ko'ina ka taka sai ya yi ƙara. Baƙin da bas ke sauke mana da yamma kusan duk tambayarsu ɗaya ce: ina za su ci abinci, ina ake zuwa in rana ta faɗi, kuma wane littafi ne zai ba su labarin garin. Makelesi ba ta taɓa rubuta amsa ta manna a bango ba. Sai ta dubi mutum tun daga takalminsa, ta ɗan ja shi da hira, sannan ta yanke masa inda ya dace da shi.

Wanda ta ga cikinsa zai ɗauki yaji, ta tura shi wurin Misis Kamla ya ci gurasar roti da miyar ƙaguwa, ta ce masa, "Ka je kafin bakwai, kuma kada ka sa farar riga." Mai lalurar ciki kuwa sai rumfar Torika a kasuwa, kifi cikin madarar kwakwa da gwaza. Masu neman kiɗa ta nuna musu tsohon kulob ɗin Turawa, inda a da kakanninmu ba sa wuce bakin ƙofa, yanzu kuwa wasu tsofaffi uku ke kaɗa jita ran Juma'a. Wanda ta yarda da tarbiyyarsa kaɗai take turawa bayan shagon Sakiusa, inda maza ke zama a tabarma suna shan yangona, jiƙon wata saiwa da ake zagayawa da shi a ƙoƙo, shi ma sai ta koya masa tafin da ake yi kafin a karɓi ƙoƙo. Littattafan tarihin da ke ɗakin karatu na gari kuwa babu wanda ba ta karanta ba. Akwai na wani matuƙin jirgin ruwa da take yawan yabawa, amma da sharaɗi: "Shafi arba'in na farko ki tsallake, ƙarya Baturen yake zubawa. Sai da jirginsa ya fashe ya fara faɗin gaskiya."

Masu abinci a garin suna shakkarta. Torika ta taɓa yin wata biyu ba ta gaishe ta, saboda ta daina tura mata baƙi. Da aka shiga tsakani, Makelesi ta ce, "Ta canja man suya, gobe ta ga mutane." Torika ta canja.

Abin ya fara ne wata Talata cikin watan Yuni. Wani mutum da matarsa suka ce suna sha'awar abincin Sinawa. Ina yankan albasa na ji ta tana cewa, "Ku bi Titin Bakin Teku, ku hau benen Ah Kee, ku ce ni na turo ku. Ya soya muku shinkafa da jatan lande."

Na tsaya da wuƙa a hannu. Benen Ah Kee babbar guguwa ta kwashe shi shekara bakwai da suka wuce, shi kuma ya koma wurin 'yarsa a Suva, babban birni. Na ɗauka tsokana take yi. Bayan rabin awa mutanen suka dawo, suka ce ba su ga komai ba sai fili da ciyawa. Ta yi dariya ta ba su haƙuri, ta tura su wani wurin.

Da suka fita na leƙo ta taga. "Ke tavale, yau me kika sha? Ah Kee fa kika ce."

"Ki ji da tukunyarki. Miyar jiya ma gishiri kika zuba mana kamar na gado."

"Bar zancen gishiri. Tsufa ne ya zo, mu sayo miki sanda?"

Na jira ta rama, ba ta rama ba. Ta juyo da kujerarta, ta ce, "Unaisi, lokacin da nake musu kwatance, ina ganin matakalar benen. Har ƙamshin tafarnuwarsa ina ji."

Ban san rabon da ta kira ni da sunana ba. Nan take na san abin da take tunani. Mahaifiyarta, Nei Ateca, wato Inna Ateca a yarenmu, haka ta fara. Daga ƙarshe sai da aka ɗaura ƙararrawa a ƙofar gida, saboda takan fita bakin teku neman mijinta da ya daɗe da rasuwa. Makelesi ce ta yi jinyarta shekara shida.

"Kada ki gaya wa kowa," in ji ta. "Ko Fasto."

Tsoron nata na da dalili. A shekarar ne Trevor, ɗan Mista Desmond, ya dawo daga Auckland ya karɓi ragamar masaukin, don uban ya haura tamanin. Trevor ba mugu ba ne, a bayanta ma ya girma, Nei Ma ma yake kiranta, amma tun zuwansa yake ce mata, "Nei Ma, mu buga wuraren nan a kati mu ajiye a kowane ɗaki, ki huta." Ita kuma ta ce kati ba ya ganin takalmin mutum. In ya ji ta fara tura baƙi wuraren da babu su, ai magana ta ƙare.

Sai muka yi dabara. In baƙo ya tsaya a teburinta, in rage wuta in kasa kunne. In ta yi kuskure, in buga ludayi a bakin tukunya sau biyu, ita kuma ta ce, "Af, tsaya," ta gyara. Wata huɗu muna haka. Wani lokacin mako guda cur ban buga ba, har in ce abin ya wuce. Wani lokacin sau uku a yini. Ta ce kiɗan kulob ran Laraba ne. Ta kira Misis Kamla da sunan uwar mijinta. Na koma zuwa kasuwa tun da sassafe don kada baƙi su tashi ba na nan. Ko banɗaki zan shiga sai na leƙa na ga babu kowa a gabanta. Na yi mata maganar likita ya fi sau goma.

"In na je me zai ce? Ya gaya mini abin da na riga na sani?"

"Wataƙila sukari ne, ko hawan jini."

"Wataƙila girkinki ne."

A watan Oktoba Misis Doreen ta sauka a wurinmu. Tsohuwar Baturiya ce 'yar shekara saba'in da takwas, siririya, tana dogara sanda. A Levuka aka haife ta lokacin mahaifinta yana akawu a ofishin kwastan, tana da shekara tara suka tafi, ba ta sake dawowa ba sai yanzu. Ita kaɗai ta zo. Ranar farko ta ba ni wata 'yar jaka ta allurar ciwon sukari ta ce in sa mata a firij, kullum ƙarfe shida take yi kafin ta ci abinci. Su biyun suka shaƙu nan da nan. Makelesi ta aro mata littattafai uku, suka yi ta gardama a kan inda tsohon gidan burodi yake.

Ran Alhamis masunta suka makara, sai wajen ƙarfe uku da rabi aka ce sun iso. Na duba babu baƙo a falo, na ce, "Tavale, zan je in karɓo kifi. Ko gwamna ne ya zo, ki ce ya jira ni."

"Tafi can, kin mai da ni jaririya."

Ban wuce minti arba'in ba. Da na dawo na tarar da ita tana lissafin tawul, komai lafiya. Wajen biyar hadari ya haɗo daga kan duwatsu, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, wutar lantarki ta ɗauke. Ƙarfe shida na fito da jakar allurar na ajiye a tire, na je na ƙwanƙwasa ɗaki na huɗu. Shiru. Na tura ƙofa. Wayarta na kan gado, sandarta babu.

Na sauko na tarar da Trevor yana kunna fitilu. Ya ce, "Nei Ma, Misis Doreen ta fita ne?"

"Ta fita," in ji Makelesi. "Ta tambaye ni inda za ta ji waƙa, irin wadda take ji tana yarinya."

"Ina kika tura ta?"

Makelesi ta buɗe baki. Ta dubi Trevor, ta dubi littafin baƙi, ta dubi tafin hannunta. Ta tuna tambayar, ta tuna rigar da matar ta sa, amma amsar da ta ba ta ta ɓace ƙaf.

Na yi sauri na ce, "Ai coci ne mana, wurin masu koyon waƙa. Bari mu je mu taho da ita, ruwa ne ya tare ta." Na sa jakar allurar cikin leda na cusa a rigata, na ja hannun Makelesi muka fita da lema ɗaya.

Cocin a rufe yake, ran Laraba ake koyon waƙa, kuma duk mun san haka. Muka gangara kulob. Mai sayar da abin sha ya ce yau ko kare bai shigo ba. Muka leƙa bayan shagon Sakiusa, maza shida na zaune sun sa kwanon yangona a tsakiya.

"A'a, yau Makelesi da kanta?" in ji Sakiusa. "A matsa mata, a cika mata ƙoƙo."

"Tsohuwar Baturiya mai sanda, ta zo nan?" na tambaya.

"Tsofaffin da suka zo yau ku biyu ne."

Aka yi dariya, amma da ya ga fuskar Makelesi sai ya miƙe. Ya tura mutum biyu su duba bakin katangar teku, inda igiyar ruwa ke tsallakowa kan titi. Misis Kamla ma ta ce ba ta gan ta ba. Duhu ya fara shiga, ruwan ya kai mana idon sawu.

A ƙarƙashin rumfar wani kanti Makelesi ta tsaya, ta jingina da ginshiƙi. "Na kashe ta, tavale."

"Rufe mini baki. Ki yi tunani. Da ƙafa ta tafi?"

"Ban sani ba."

"Kin ba ta lema? Kin yi mata kwatance da hannu? Kin rubuta mata wani abu?"

Ta ɗaga hannun damanta tana kallo. Akwai tawadar biro a yatsanta. "Na yi rubutu," ta ce a hankali. "Na yage takarda na ba wani. Namiji ne."

Namijin da ake ba takarda a ƙofar masauki direba ne, kuma mai ɗaukar baƙinmu Shiu ne. Wayarsa ba ta shiga, saboda haka muka taka har gidansa a bayan filin ƙwallo. Muka same shi yana cin abinci da hasken kyandir.

"Baturiyar? Na kai ta ƙauyen Naivuki tun ƙarfe huɗu," in ji shi. "Ta ce in tafi, za a dawo da ita a motar ƙauyen." Ya laluba aljihun rigarsa ya fito da takardar. Rubutun Makelesi ne, mai kyau kamar kullum: a kai ta gidan Bubu Vasiti a Naivuki, a ce Makelesi ce ta turo ta, a yi mata waƙoƙin da.

Bubu Vasiti, wato Kaka Vasiti, ita ce jagorar matan da ke waƙar gargajiya a wannan ƙauyen. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta. Ni da Makelesi muka kai tabarmar gaisuwa, mu muka kwana uku muna girki a gidan makokin.

"Ni ma na yi mamaki," in ji Shiu, "amma na ce ko wata Vasitin ce. Wa zai yi musu da Makelesi?"

Makelesi ta ninke takardar ta riƙe.

Shiu ya bar abincinsa ya tayar da mota. Tafiyar minti goma sha biyar ce, amma ta kai mu kusan arba'in, ga rassan itace a hanya, ga ruwa yana gudu a kan kwalta. Ina ta taɓa ledar da ke rigata. Ban san abin da ke faruwa da mai ciwon sukari in allura ta wuce lokaci ba, kuma rashin sanin ya fi komai tayar mini da hankali. Kafin ƙauyen akwai rafi, ya cika ya shafe gadar. Motar ƙauyen na can tsallake a tsaye. Shiu ya ce iyakar motarsa ke nan. Muka tattare zannuwanmu, ya shiga tsakiyarmu muka riƙe hannuwansa, muka ratsa ruwan har cinya.

Tun kafin mu kai gidan muka jiyo waƙa. Muka tsaya a bakin ƙofa, ruwa na ɗiga daga jikinmu. Mata sun kai goma zaune a tabarma, fitilar kananzir a tsakiya, surukar marigayiyar, Litia, tana ba da waƙa suna amsawa. Misis Doreen na zaune a kan kujera ɗaya tilo da ke ɗakin, an yafa mata bargo, tana tafi.

Litia ta taso ta tare mu. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Nei, da ta ce Bubu take nema, sai na ce mata Bubu ta rasu. Amma tunda ke kika turo ta, ba za mu mai da ita haka nan ba. Na tara mata." Kallon da ta yi wa Makelesi kuwa irin wanda ake yi wa majinyaci ne.

Na ba Misis Doreen jakarta. Ta ce awa ɗaya da rabi ba zai kashe ta ba, amma ta ji daɗin ganin jakar, don an dafa rogo da ganyen gwaza tana ta kallo ba halin ci. Ta yi allurarta, aka zuba mana abinci duka. Makelesi ba ta taɓa nata ba.

Da ruwa ya tsagaita, rafin ya ɗan janye, wasu maza biyu suka ɗauki tsohuwar a kan kujerarta suka tsallakar da ita. A mota ta zauna kusa da Makelesi a baya. Da muka yi nisa sai na ji Misis Doreen ta ce, "Mijina ma haka ya fara. Shekara biyu muna ɓoyewa, ni da shi. Da ma ba mu ɓoye ba, shekara biyun nan a tsorace muka cinye su." Makelesi ta juya fuskarta wajen taga.

Washegari da safe Makelesi ta zo da rigar zuwa coci. Ta ce in bar kicin in zo in tsaya kusa da ita. Ta sami Mista Desmond da Trevor a baranda suna shan shayi, ta gaya musu komai, tun daga benen Ah Kee har takardar Shiu. Ta ce in sun ga ya dace ta ajiye aiki, yau ma za ta ajiye.

Idon Trevor ya kaɗa. Tsohon kuwa ya ajiye kofinsa ya ce, "Tun watan Agusta na sani. Kun ɗauka ni kurma ne? Wace irin miya ce ake buga mata tukunya sau biyu duk lokacin da baƙo ya yi tambaya?" Sannan ya ce ba ya son jin zancen ajiye aiki sai ta ga likita, kuma Litinin za mu tafi, ni da ita.

Likitar da muka gani a Suva mace ce, ba ta kai ɗan Makelesi shekaru ba. Ta ba ta kalmomi biyar ta riƙe, ta sa ta zana agogo, ta ɗebi jini. Da aka dawo kan kalmomin, uku ta kawo. Likitar ba ta yi mana kwana-kwana ba. Ta ce da alama ciwon mantuwa ne a farkonsa, akwai maganin da kan rage masa gudu a wasu mutanen, amma ba ta yi alkawarin komai ba. Ta ce kuma sukarinta ya hau, dole a kula. A bas muna dawowa Makelesi ta ce, "Yarinyar nan ta iya aikinta, amma kalmomin nata ba su da daɗin riƙewa. Wa zai tuna da 'karas'?"

Yanzu da safe kawai take zama a teburin, Trevor na kusa da ita yana abin da ya kira aikin kwamfuta. Ran Litinin sukan zauna, tana faɗa yana rubutawa: wa ke girki mai kyau, wane littafi ne na gaskiya, wane baƙo ne ba a kai shi wurin Sakiusa. Sun cika littafi guda sun shiga na biyu. Duk baƙon da zai fita bayan gari, sai an rubuta inda ya tafi da wanda ya kai shi. Garin duk ya sani, kuma ba wanda ya ce mata komai, illa Torika da take aiko mata da kifi ran Asabar ba tare da an tambaye ta ba.

Ni kuma na bar ɗakina na koma gidanta a kan tudu. A falo nake kwana, kusa da ƙofa. Ta ce minsharina ya fi injin masana'anta, na ce in ba ta so ta koma gidan ɗanta. Ɗan ya ce zai zo da Kirsimeti, muna jira mu gani. Wasu ranakun tana nan garau, har ta gyara mini kuskure. Shekaranjiya kuwa ta tsaya a tsakar kicin da cokali a hannu, ta tambaye ni ko Waisale ya dawo daga aiki. Na ce mata bai dawo ba. Har yanzu ban sani ba ko daidai na yi. A watan Maris za mu koma wurin likitar, kuma wannan ce tambayar farko da zan yi mata.